Gashi a Cikin Ruwa: Maganin da Bai Ƙaraso Rano da Kibiya Ba

Baffana ya shekara huɗu bai kai goshinsa ƙasa a masallaci ba. Kujerar roba ake ajiye masa a ƙarshen sahu, can jikin bango, ya yi ruku'u da sujada da nuni. Gwiwa ce ta kai shi ga haka. Tun yana saurayi yake noman rani a gefen kanal ɗin da ya taso daga Tiga. Ya yi dashen shinkafa a duƙe, ya ɗauki buhun taki a ka, ya yi ban ruwa cikin sanyin hunturu tun asuba ba ta gama wayewa ba. Yanzu in zai tashi daga tabarma sai ya dafa ƙasa, ya dafa bango, sannan ya miƙe yana cije leɓe.

Wata rana da hantsi na bi shi gona. Ciyawa ta toshe bakin tiyon injin ban ruwa, yaran kuma ba sa kusa, sai ya tuɓe riga ya gangara da kansa. Ruwan ya kai masa ƙirji. Ina tsaye a kan gaɓa ina kallon mutumin da ba ya iya tsallake dokin ƙofa sai da sanda, yana taku cikin natsuwa, yana ɗaga gwiwa, yana juyawa hagu da dama, fuskarsa a sake. Ya gyara tiyon, ya ɗan jima a ciki bayan aikin ya ƙare. Da ya hauro tudu, taku na uku ɗingishin ya dawo. Ya ce mini nan ne kaɗai wurin da ƙafar take ƙyale shi.

Abin da Baffa ya gano da jikinsa, likitocin gashin ƙashi sun daɗe da mayar da shi fanni mai zaman kansa, da ƙa'idoji da ma'aunai da kayan aiki. Motsa jiki ne a cikin ruwa mai ɗumi, a kwami na musamman, ƙwararre yana tsaye tare da mara lafiya. A ƙasashe da yawa ana rubuta wa mutum shi kamar yadda ake rubuta allura. Mu kuwa a kudancin Kano, ga ruwa kwance a gabanmu, ga masu ciwon a kowane gida, amma ba a haɗa su ta hanyar da ta dace ba.

Sirrin guga

Duk macen da ta taɓa jan ruwa a rijiya ta san kan zancen. Muddin guga tana cikin ruwa, igiya sakayau take a hannu. Da zarar ta fito sarari, nauyin ya faɗo a kafaɗa. Wani masanin Girka mai suna Arkimidis ya bayyana dalilin fiye da shekara 2,200 da suka wuce: ruwa yana tura duk abin da ya shiga cikinsa sama, gwargwadon nauyin ruwan da abin ya ture. Jikin mutum ma guga ne a wannan lissafi. Wanda ya tsaya ruwa ya kai masa cibiya, kusan rabin nauyinsa kawai ƙafafunsa ke ɗauka. In ya kai ƙirji, abin ya ragu zuwa wajen sulusi. In ya kai wuya, kusan kashi ɗaya cikin goma ne ya rage. Ke nan dattijo mai kilo 70, a ruwan da ya kai masa wuya, gwiwoyinsa ba sa ɗaukar abin da ya wuce kilo bakwai. A tudu kuwa, kowane taku yana ɗora wa gwiwa ninki biyu zuwa uku na nauyin jiki.

Wannan ragi shi ne ke warware wani ƙulli da masu ciwon gaɓɓai suka sani sarai. Gwiwa tana ciwo, sai mutum ya daina tafiya. Ya daina tafiya, sai tsokar cinya da ke riƙe gwiwar ta saki, ta rame. Tsoka ta rame, nauyi ya koma kan gaɓar kai tsaye, ciwon ya ƙaru, zaman ya ƙaru, ƙiba ta biyo baya. Likita zai ce a motsa jiki, mara lafiya ya ce da wace ƙafar? Dukansu gaskiya suka faɗa. A cikin ruwa ne ake samun wurin da maganar likita da kukan mara lafiya ba sa karo da juna.

Ruwa kuma yana da turjiya. Ya fi iska kauri kusan sau 800, shi ya sa gudu a cikinsa ke da wuya. Amma turjiyarsa mai adalci ce: in ka tura a hankali ya tare ka a hankali, in ka ƙara ƙarfi ya ƙara, in ka tsaya ya tsaya nan take. Babu ƙarfen da zai suɓuce ya faɗo wa mutum a ƙafa. Tsohuwa mai shekara saba'in da ɗan ƙwallon da ya yi targaɗe za su iya aiki a kwami ɗaya, kowa ruwan ya ba shi daidai ƙarfinsa.

Sai matsi. Ruwa yana danna jiki ta kowace fuska, kuma dannawar ta fi ƙarfi a ƙasa, wajen sawu da ƙwauri, inda kumburi ya fi taruwa. Kamar an naɗe ƙafar ne da bandeji mai laushi wanda ba ya barin shaida. Sai kuma ɗumi. Kwamin gashi ana riƙe shi a tsakanin digiri 33 zuwa 35 a ma'aunin Salshiyas, ƙasa kaɗan da zafin jikin mutum. A wannan ɗumi tsoka tana saki, raɗaɗi yana lafawa, gaɓar da ta sanƙare tana yarda a lanƙwasa ta.

Akwai abu na biyar da ba a auna shi da ma'auni, kuma a ganina ya kai sauran muhimmanci: tsoro. Wanda ya taɓa faɗuwa a banɗaki bayan shanyewar ɓarin jiki, ko aka ɗaga shi tsaye jikinsa ƙanƙamewa yake yi. A cikin ruwa faɗuwa a hankali take zuwa, mutum yana da lokacin da zai gyara tsayuwarsa, hannun likita yana bayansa. Wanda ya yi taku goma a ruwa ba tare da sanda ba, da wata zuciyar yake komawa gida.

Masu buƙatarsa suna cikin gidajenmu

Ba sai an yi ƙidaya ba. A leƙa masallacin Juma'a a Rano ko Kibiya a ƙirga kujerun da ke gefen sahu. A je kasuwar Tarai a tsaya kusa da mai kemis, a ji abin da aka fi tambaya: maganin ciwon jiki, maganin sanyin ƙashi, man zafi, da haɗin nan na ƙwayoyi huɗu ko biyar da ake ƙullawa a leda. Da yawa daga cikin ƙwayoyin irin su diclofenac da ibuprofen ne. Suna kashe raɗaɗi, babu musu, amma wanda ya mayar da su abincin kullum na shekara da shekaru yana saye wa kansa gyambon ciki da ciwon ƙoda. Manomi ba ya shan su don sha'awa. Gona ba ta jira, kuma ba a nuna masa wata hanya ba.

Ga mata, waɗanda ciwonsu ya fi ɓoyuwa. Daka, surfe, wanki a tsugune, tulu a ka, goyo a baya, haihuwa a kan haihuwa. Mace ta kai shekara arba'in da biyar ƙugunta ya riƙe, sai a ce girma ne. Ga samarin da babur ya kayar a hanyar Rano zuwa Rurum ko ta Kibiya zuwa Saya-Saya. Maɗori ya ɗaure ƙafa da kara, ko a kai shi Asibitin Ƙashi na Dala a sa filasta ko ƙarfe, ƙashi ya haɗe lafiya lau. Amma bayan wata biyu a kwance, gwiwa ta ƙi lanƙwasuwa, cinya ta zama kamar sillen kara. Ɗori ya ƙare, sauran aikin ba a fara ba, kuma nan ne da yawa suke tsayawa, su ƙare rayuwarsu da ɗingishin da bai zama dole ba.

Ga irin wannan saurayi, kwami yana aiki kamar yaye. Bayan rauni ya rufe kuma likitan ƙashi ya ba da izini, a fara da ruwa iya wuya, ƙafar tana taɓa ƙasa ba tare da an ɗora mata kaya ba. Bayan wasu makonni a koma inda ruwa yake iya ƙirji, daga nan cibiya, daga nan cinya. Kowane mataki ana mayar wa ƙafar nauyinta kaɗan-kaɗan har ta karɓe shi duka a tudu.

Sai waɗanda shan inna ta taɓa. A nan kusa da mu, a ƙaramar hukumar Sumaila, aka samu yaro na ƙarshe da ƙwayar cutar ta daji ta kama a Jihar Kano, a watan Yulin 2014, kuma a watan Agustan 2020 aka ayyana nahiyar Afirka ta rabu da ita. An yi murna, kuma murnar ta cancanta. Sai dai waɗanda ta riga ta shanye wa ƙafa suna nan, sun girma, kafaɗunsu sun gaji da tura keke da dogara sanda shekara ashirin, talatin. Ruwa mai ɗumi yana daga cikin wurare ƙalilan da irin wannan jiki yake motsawa gaba ɗayansa ba tare da an ƙara gajiyar da shi ba. Haka yaran da aka haifa da larurar ƙwaƙwalwa mai sanƙarar da gaɓɓai, waɗanda uwa ke goyo har su kai shekara bakwai. Haka masu amosanin jini da ciwon ya cinye wa kan ƙashin cinya.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum biliyan 2.4, wato ɗaya cikin uku a duniya, suna da larurar da aikin farfaɗo da jiki zai amfane su. Masu ciwon baya kaɗai sun kai miliyan 619 a shekarar 2020. A watan Mayun 2023 babban taron hukumar ya zartar da ƙudurin da ya nemi ƙasashe su shigar da wannan aiki cikin tsarin lafiyarsu tun daga matakin farko. Matakin farko kuwa, a wurinmu, shi ne asibitin Rano da ɗakunan shan magani na Durba da Fammar da Lausu da Zurgu.

Abin da bincike ya tabbatar

Ba na son a ɗauki ruwa a matsayin maganin dubu. Mun ga masu tallar magani a mota da lasifika sun isa. A 2016 ƙungiyar Cochrane, wadda aikinta tace binciken likitanci, ta tattara gwaje-gwaje 13 da aka yi a kan mutum 1,190 masu zaizayar gwiwa da ƙugu. Sakamakon shi ne motsa jiki a ruwa yana rage ciwo, yana ƙara iya hidimar kai, amma ragin matsakaici ne zuwa kaɗan, kuma an fi ganinsa dab da kammala atisayen. Ma'ana, wanda ya daina, amfanin yana iya gushewa. Guringuntsin da ya zaizaye ba ya tsirowa don an shiga ruwa.

Wani gwaji da aka yi a birnin Shanghai na ƙasar Sin, aka wallafa a 2022, ya fi ja mini hankali, domin ya taɓa wata fahimta tamu. An raba mutum 113 masu daɗaɗɗen ciwon baya gida biyu. Kashi ɗaya suna atisaye a ruwa, awa guda sau biyu a mako har wata uku. Ɗaya kashin ana gasa musu baya da fitila, ana sa musu na'urar lantarki mai tsikarar jijiya. Masu shiga ruwa sun fi samun sauƙi, kuma bayan shekara guda bambancin yana nan. Mu da muka raɗa wa fannin gaba ɗaya suna gashi, muna zuwa asibiti da tsammanin a kwantar da mu a kunna fitila. In likita ya ce tashi ka ɗaga ƙafa sau goma, sai mu ga kamar bai yi mana aiki ba. Alhali motsin shi ne maganin. Ɗumi share fage yake yi.

Kuma aikin ba ya ƙarewa a ruwa. Ƙashi yana ƙarfi ne da ɗaukar nauyi, mutum kuma a tudu yake rayuwa. Kowane likitan gashi na ƙwarai burinsa ya fitar da kai daga kwami zuwa tsakar gida, zuwa gona, zuwa sahu.

Ba baƙon abu ba ne a wurinmu

Bahaushe bai taɓa raina ruwan ɗumi ba. Muna da sirace, muna da gasa targaɗe da tsumma, muna da wankan jego da ganyen darbejiya ko na tsamiya. Kowane yaro ya ji ƙissar Annabi Ayyuba, Alaihis Salam, wanda bayan doguwar jinya aka umarce shi ya doki ƙasa da ƙafarsa, ruwa ya ɓuɓɓugo, ya yi wanka ya sha, Allah ya ba shi lafiya. A arewacin Agadas, cikin duwatsun Azbin, akwai maɓuɓɓugar ruwan zafi ta Tafadek, inda masu ciwon gaɓɓai ke zuwa su yi kwanaki suna shiga. A Yankari ta Jihar Bauchi, ruwan Wikki yana nan a kan digiri 31 dare da rana, rani da damina.

Kusan wannan ɗumin ne da ruwan wani ƙauye mai suna Warm Springs a jihar Jojiya ta Amurka, inda Franklin Roosevelt ya je a 1924, shekara uku bayan ƙafafunsa sun shanye yana da shekara 39. A cikin ruwan ya iya tsayawa da motsa ƙafafun da suka ƙi motsi a tudu. Bai warke ba, har ya mutu bai sake tafiya da kansa ba. Amma ya samu ƙarfin jiki da na zuciya, ya kafa cibiyar masu shan inna a wurin a 1927, aka zaɓe shi shugaban ƙasa a 1932. A Landan kuma, a 1949, wani injiniya mai suna James McMillan ya fara koya wa 'yan mata masu naƙasa yadda za su riƙe daidaiton jikinsu a ruwa, a wata makaranta mai suna Halliwick. Tsarin nasa da sunan makarantar ake kiransa har yau, kuma da shi ake aiki da masu shanyewar ɓarin jiki a ƙasashe da dama.

Sai dai ruwan jego da ruwan gashi ba ɗaya ba ne. Na jego tafasasshe ne, ana fyaɗa shi a jiki da ganye. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka yi zargin cewa yawan zafin, da kwanciya a gadon ƙasa mai wuta, da kunun kanwa, suna da hannu a ciwon zuciyar da ke kama masu jego. Binciken baya-bayan nan da likitocin zuciya na Kano suka jagoranta ya fi karkata ga talauci da rashin abinci mai gina jiki da hawan jinin masu ciki. Ko ma wanne ne, darasin da ya shafe mu shi ne ɗumi ake nema, ba ƙuna ba. Ruwan da hannu ba zai iya jimawa a cikinsa ba, ya wuce magani.

Kada a gangara kanal

A nan ne nake jin nauyin wannan rubutu, domin ina tsoron wani ya karanta rabinsa ya ɗauki mahaifinsa ya nufi Ruwan Kanya. Madatsar Tiga, wadda aka gina a zamanin Gwamna Audu Bako aka kammala a 1974, tana riƙe ruwa kusan kyubik mita biliyan biyu in ta cika. Ita ta raya Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam, ta sa tumatir da shinkafa da alkama suka zama arzikin yankin. Amma ruwan da ke tafiya a hankali cikin kanal, mai ciyawa a gefe, shi ne gidan ƙananan katantanwar da ke ɗauke da tsutsar tsargiya. Tsutsar ba ta buƙatar rauni, ba ta buƙatar a sha ruwan. Ta fatar mai lafiya take kutsawa cikin 'yan mintuna. Najeriya ce kan gaba a duniya wajen yawan masu wannan cuta, kuma yankunan noman rani na Kano sanannu ne a kanta. A gidan Baffa, yara biyu sun yi fitsarin jini kafin a ba su ƙwayar praziquantel a makaranta. Har yanzu akwai ƙauyukan da ake ɗaukar jinin a matsayin alamar balaga, alhali in ya daɗe yana lalata mafitsara da ƙoda. Ruwan da ya sauƙaƙa wa Baffa gwiwa, shi ne ya sa wa jikokinsa ciwo.

Ban da tsargiya, ruwan dam da sanyi yake, musamman daga Nuwamba zuwa Fabrairu, kuma ruwa yana zuƙe ɗumin jiki fiye da iska ninki ashirin da wani abu. Sanyi yana ɗaure tsoka maimakon ya sake ta. Ga mai amosanin jini kuwa, ruwan sanyi yana iya tayar da ciwon a ranar. Ƙasan ruwan laka ce da rami, gefen kanal siminti ne mai santsi da gangara, ga ragowar maganin feshi da ke gangarowa daga gonaki. Duk damina sai hukumar kashe gobara ta Kano ta ba da sanarwar gawarwakin da ta ciro daga kududdufai, kuma yawancinsu masu ƙafa biyu lafiyayyu ne. Ina ga wanda ɓarin jikinsa ba ya aiki?

Ko a kwami mai tsabta ma, ba kowa ake sakawa ba. Matsin ruwa yana turo jini daga ƙafafu zuwa ƙirji, fiye da cikin ledar fiya-wata guda, abin da lafiyayyar zuciya ke ɗauka ba wahala amma mai rauni ba za ta iya ba. Mai ciwon zuciya da bai daidaita ba, mai hawan jinin da ya ƙi sauka, mai farfaɗiyar da ba a shawo kanta ba, mai buɗaɗɗen rauni, mai zazzaɓi, mai gudawa, duk sai an dakata. Shi ya sa ake auna jini a yi tambayoyi kafin a jiƙa ko da sawu.

Kwami ɗaya

Fannin gashi ba sabo ba ne a ƙasar nan. A 1945 ya shigo ta asibitin ƙashi na Igbobi a Legas. Asibitin Dala ya buɗe a 1959, Jami'ar Ibadan ta fara ba da digiri a fannin a 1966, yau kuma Jami'ar Bayero tana yaye likitocin gashi duk shekara, maza da mata, cikinsu har da 'ya'yan kudancin Kano. Matsalar ita ce ƙwararrun da kayan aikin sun taru a birni: Dala, Asibitin Malam Aminu Kano, Asibitin Murtala. Gashi kuma ba allura ɗaya ba ce. Sau biyu ko uku ake so a mako, wata biyu ko uku a jere. A lissafa wa mutumin Kibiya: a ɗauko shi daga ƙauye a babur, a sa shi a mota ta Rano da Bunkure da Ƙarfi, da ɗan rakiya, da kuɗin mota zuwa da dawowa, da yinin da gona ta rasa mutum biyu. Zuwa uku ake yi a haƙura, a ce an bar wa Allah. Wuraren ninƙaya da ke birni kuwa galibi na otal ne, ruwan sanyi, maza da mata a haɗe, ba inda dattijuwar Kahu za ta sa ƙafa ba ne.

Abin da ake buƙata bai kai girman da ake zato ba. Kwamin gashi ba filin gasar ninƙaya ba ne. Faɗin ɗaki babba ya isa, zurfinsa daga cibiya zuwa ƙirjin babban mutum, da matakala mai ƙarfen riƙewa, da gangara ko kujerar saukar da wanda ba ya tafiya, da daɓen da ba ya santsi. Ruwan rijiyar burtsatse, injin tacewa, sinadarin kulorin, da mai auna tsabtar ruwan kowace safiya. Ɗumamawa ita ce ke cin kuɗi a ƙasashen sanyi. Mu rana ce ta yi mana yawa, kuma na'urar ɗumama ruwa da hasken rana ba baƙuwa ba ce a kasuwannin Kano. Abin da zai kashe irin wannan aiki shi ne abin da ya saba kashe ayyukanmu: a gina, a yanke ƙyalle, a rasa mai sayen kulorin bayan wata shida. Kwamin da ba a kula da shi ya fi babu illa. Don haka kuɗin kulawa da albashin ma'aikata su ne farkon lissafi, siminti ya biyo baya.

Sai an kiyaye mutunci, in ba haka ba ba mai zuwa. Ranakun mata daban, likita mace, ginin a rufe ruf, da suturar da ta rufe jiki wadda ba ta shan ruwa ta yi nauyi. Dattijo kuma a bar shi da wandonsa da 'yar shara. Ba sai mutum ya iya ruwa ba, tun da ƙafarsa tana ƙasa. Masuntan Tiga da suka saba kwanciya a kan gora sun riga sun san aikin abin da ake rataya wa mara lafiya don ya yi iyo, kuma daga cikin 'ya'yansu za a samu mataimakan da ba sa tsoron ruwa.

Kafin a kai ga haka, akwai ɗan abin da gida zai iya. Hannun da ya sanƙare bayan an kwance ɗori, ko sawun da ya riƙe, a sa shi a baho na ruwa mai ɗumi minti goma zuwa goma sha biyar, ana buɗe yatsu ana dunƙulewa, ana juya sawu. A gwada ɗumin da gwiwar hannun mai lafiya tukuna. Sabon targaɗe mai kumburi ba a gasa shi a kwana biyun farko, sanyi yake so. Mai ciwon suga kuma, wanda ƙafarsa ta daina jin zafi, kada ya tsoma ta a ruwan zafi ko kaɗan, domin zai ƙone bai sani ba, kuma ƙunar mai suga a ƙafa tana iya kaiwa ga yankewa. Duk wanda zai iya, ya je ko sau ɗaya ne wurin likitan gashi, a koya masa atisayen da zai riƙa yi a kan tabarmarsa.

A ƙidayar 2006, Rano da Kibiya kaɗai sun haura mutum 280,000, yau kuwa sun ninka ko sun kusa. Su biyun da Bunkure masarauta ɗaya suke, kujerar majalisar wakilai ɗaya suke, hanya ɗaya ta ratsa su. Ina kira ga Hukumar Kula da Asibitoci ta Jihar Kano, da shugabannin ƙananan hukumomin uku, da wakilanmu a majalisa, da Masarautar Rano, da attajiran yankin masu neman sadaka mai gudana: a ƙarfafa sashen gashi a babban asibitin Rano da isassun likitoci maza da mata, a gina masa kwamin ruwan ɗumi guda ɗaya, a ware kuɗin kula da shi, a sa shi cikin tsarin taimakekeniyar lafiya na jiha don talaka ya iya shiga. Baffa bai nemi ya koma dashen shinkafa ba. Burinsa ya ajiye kujerar nan, ya shiga tsakiyar sahu, ya kai goshinsa ƙasa.